Tayar ƙaramar taraktar lambu: yadda muka zaɓa, yadda aka ɗaura, da abin da ya biyo baya

Taraktar da nake magana a kai ba babbar tantan ba ce irin Massey Ferguson da ake haya lokacin huɗa, ƙarama ce, irin wadda mutanen Amurka ke yanke ciyawar gida da ita kuma su ɗan ja kaya a gadina. Cikin kayan Beljiyam ta shigo, Baffana ya saya saboda lambunsa da ke wajen Kura, ɓangaren da ruwan Tiga ke zuwa ta kanal. An cire mata farantin yankan ciyawar da ke ƙarƙashi tun farko don ba shi da amfani a wajenmu, aikinta jan 'yar tirela ne, a ɗauko taki daga bakin hanya a shigar ciki, a fito da kwandunan tumatur, a kai injin ban ruwa da tiyo daga wannan gefe zuwa wancan. Injinta lafiya lau, bugu ɗaya take tashi. Taya ce matsalar.

Tayoyin da ta zo da su irin na ciyawa ne, masu faɗi, zanensu ƙanana ƙanana a jere kamar an yi musu ado, kuma da gangan aka yi su haka don kada su tone ciyawar Bature. To ka kawo wannan cikin lakar Kura bayan an saki ruwa a fangali, zanen nan take yake cikewa da laka, tayar ta koma sumul, sai kaga tana ta juyawa a wuri ɗaya tana watsa wa na baya taɓo, yara uku huɗu na turi. Ga gefen tayoyin baya duk ya tsattsage saboda tsufa da rana, in ka danna da babban yatsa sai tsagar ta buɗe baki har kana hango zare. Na gaba kuma ƙaya ta gama da su, don akwai shingen bagaruwa a gefen lambun, kullum da safe sai an nemo famfo. Baffa yace shi ya gaji, a je a sayo sababbi, aka ɗora min aikin.

Abu na farko lambar da ke jikin taya. Na baya an rubuta 23x10.50-12, na gaba 16x6.50-8. Duk inci ne. Lambar farko tsayin tayar gaba ɗaya in an cika ta da iska, ta tsakiya faɗinta, ta ƙarshe kuma girman wilin da take zama a kai. Wato ta baya tsayinta inci 23, faɗi goma da rabi, wili sha biyu. Akwai wani salon rubutun mai lamba biyu kawai, kamar 6.00-12 ko 4.00-8 da ke jikin tayar Keke Napep, shi faɗi da wili kawai yake gaya maka, tsayi sai ka sa tef ka auna. Za kuma kaga NHS a jikin irin waɗannan tayoyi, ma'anarsa ba a yi su don gudu a kan titi ba, da 2PR ko 4PR ko 6PR wanda shine ƙarfin jikin tayar. A da adadin shimfiɗar zare ne na gaske, yanzu ma'aunin ƙarfi ne kawai, amma dai har yanzu mai shida ta fi mai biyu kauri da jure ƙaya. Namu na asali duk 2PR ne, kaga dalilin da bagaruwa ta raina su.

A kasuwa ne lissafi ya canza. Na zaga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano da shagunan masu kayan noma, 23x10.50-12 mai haƙora, wato manyan zane masu kama ƙasa, babu ita a ƙasa, sai dai ace maka za a yi oda daga Legas, wani ma yace sai dai daga waje. Ba abin mamaki ba ne, tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ta daina yin taya a 2008, kusan duk tayar da kake gani shigo da ita ake, kuma ɗan kasuwa ba zai cika kwantena da girman da sai an shekara kafin mutum ɗaya ya tambaya ba. Abin da ke akwai birjik shine 6.00-12 mai haƙora irin na tantan, wadda ake sa wa taraktar hannu 'yar China mai ƙafa biyu da manoman shinkafa ke amfani da ita. Wani mai shago ya mirgino min ɗaya yace, "Yallaɓai ai sha biyu ce, taka ma sha biyu ce, ka kai wa mai faci kawai ya zura."

Nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗi, kuma ba ƙarya mai shagon ya yi ba, bakin tayar zai shiga wilin. Abin da lambar ba ta faɗa ba shine faɗin wili. Wilin bayan taraktarmu da na sa tef daga leɓe zuwa leɓe ta ciki inci takwas da rabi ne, ita kuwa 6.00-12 wili mai faɗin inci huɗu zuwa biyar take so. In ka tilasta ta a kan mai faɗi, gefunanta za su baje waje, bakin ba zai zauna daram ba, tiyub zai riƙa leƙowa yana matsewa tsakanin ƙarfe da roba, sannan leɓen wilin ya fito fili duk kututturen da ka goga shi zai fara duka. Ana yi, na ga wanda ya yi, tana tafiya, amma rabin rayuwarta a wajen mai faci take.

To sai zaɓi ya zama uku. A sake sayen irin ta ciyawa, wannan ko tattaunawa ba a yi ba. A yi odar mai faɗin mai haƙora, kamfanoni irin su Carlisle da Deestone da BKT duk suna yin girman, ta zauna a wilinmu ba tare da an taɓa komai ba, amma ga tsada ga jira, kuma ranar da ɗaya ta yage a tsakiyar kakar tumatur sai a koma jira. Ko kuma a sayi 6.00-12 ɗin da ke ƙasa a nema mata wilin da ya dace da ita. Baffa da farko mai faɗin yake so, wai ta fi kyan gani kuma ai faɗi shine ƙarfi. Ni ban yarda da wannan ba, a irin ƙasarmu dai. Taya mai faɗi tana raba nauyi, tana yawo a saman ƙasa, wannan alheri ne a yashi ko jigawa inda in ka nutse ka nutse kenan. Amma lakar lambun sama sama ce, ƙarƙashinta akwai ƙasa mai tauri, abin da kake so siririyar taya ce da za ta yanka lakar ta taka mai taurin ta kama. Ga shi hanyoyin cikin lambun matsattsu ne, mai faɗin kullum sai ta rushe bakin fangali. Abin da ya gamsar da Baffa dai ba wannan bayanin nawa ba ne, cewar da na yi in ta fashe ranar Juma'a Asabar za a samu wata a Kano, shi ya sa yace to a yi.

Kafin a kashe ko kwabo sai da na leƙa ƙarƙashinta, don waɗannan ƙananan taraktocin kala biyu ne ko da yake a ido kusan ɗaya suke. Akwai ta yankan ciyawa zalla, wadda wilin bayanta ake zurawa a kan sandar aksil da wani ɗan ƙarfe mai kusurwa huɗu a cikin tsaga yana riƙe da shi, sai kilif a baki. Irin wannan giyarta ƙarama ce, da yawansu Tuff Torq K46 ce a ciki, an yi ta don fili mai laushi ne ba don jan taki ba, in ka sa mata taya mai kama ƙasa ka ƙara nauyi to santsin da tayar ke yi a da shi ke ceton giyar, yanzu duk wahalar ciki za ta koma. Wanda ke da irin wannan kuma ya kula da ɗan ƙarfen nan in ya cire wili, yakan faɗi cikin ƙasa ba a gani ba, a mayar da komai a tada inji a sa giya tarakta ta ƙi motsi, a yi ta zargin giya ta mutu. Tamu kala ta biyun ce, mai noti biyar a kowane wilin baya da giya mai kauri, wadda dama an yi ta don jan ƙaramar garma. Shi ya ba ni ƙwarin gwiwa.

Wili kuma wajen 'yan gwangwan muka samo, na ƙananan motocin nan irin Hijet, su ma inci 12 ne, faɗin huɗu. Hujinsu huɗu ne namu biyar, don haka sai da mai walda ya yanke tsakiyar ya fitar, aka yanko faranti mai kauri aka huda masa huji biyar daidai da na taraktar, aka ɗora tsohon wilin a kai aka zana don kada a yi kuskure. Tsofaffin wilin ba a taɓa su ba, suna nan a ajiye. Wuri biyu na tsaya a kan mai waldar. Ɗaya, kada ya ƙone walda gaba ɗaya sai ya ɗan ɗiga a wuri huɗu mun ɗaura a jikin taraktar mun juya da hannu mun ga ba ya rawa. Na biyu inda farantin zai zauna, ciki ko waje, don shi zai nuna nisan da ke tsakanin tayoyin biyu. Da an bar shi a inda na mota yake da tayoyin sun shige ciki sun matse, tarakta ta zama siririya mai saurin kifewa a gangaren kanal, ga sabuwar tayar ta fi tsohuwar tsayi da kusan inci biyu wanda ya ƙara ɗaga ta sama. Sai muka sa gefen waje na sabuwar ya tsaya daidai inda gefen waje na tsohuwar yake. An goge tsatsar ciki da samfefa aka shafa fenti aka bar shi ya bushe, musamman wajen hujin bawul da inda walda ta bar ƙaiƙayi, don duk wani tsini a ciki tiyub zai ci.

Wajen zaɓen tayar kanta ban daɗe ba. Na ɗauki 6PR, biyu iri ɗaya kamfani ɗaya, don ko lamba ɗaya ce tsayin wani kamfani ba ya zama daidai da na wani, kuma in ɗaya ta fi ɗaya tsayi taraktar za ta karkace tana cin gefe. Lambobi huɗun nan na mako da shekara da 'yan Road Safety ke cewa a duba a tayar mota, ba kowace tayar noma ke da su ba, don haka hannu na sa, na lanƙwasa gefen na duba ko akwai ƙananan tsaga, na danna haƙori da farce in ji ko robar ta bushe ta yi tauri. Wadda aka jingine a ƙofar shago rana na dukanta na ce a bar ta, a ɗauko min ta ciki.

Na gaba su ma sai da aka so a yi musu dabara. Mai facin da muke kai wa aiki yace a sa tayar Keke, tunda ita ma takwas ce kuma tsayinsu kusan ɗaya, ga ta a ko'ina ga ƙarfi. Maganarsa akwai hankali a ciki, amma matsalar ɗazu ce ta dawo, wilin gabanmu ya haura inci biyar a faɗi, tayar Keke kuwa siririn wili take so, kuma wilin gaba ba irin na noti ba ne da za ka canza cikin sauƙi, boris ɗinsa a jikinsa yake. A nan sai muka haƙura aka yi odar 16x6.50-8 daga Legas, 4PR, tunda ƙanana ne kuɗin bai kai na baya ba kuma ba su ke ja ba.

Ranar ɗauri, abin da ya fi cin lokaci alkiblar haƙora ce. Haƙoran tayar noma a karkace suke, na hagu da na dama suna haɗuwa a tsakiya su yi tsini. In ka tsaya a bayan tarakta ka kalli saman tayar, tsinin nan gaba zai kalla. Haka ne zai sa tsinin ya fara shiga ƙasa, lakar ta bi haƙoran ta fice ta gefe, tayar na wanke kanta tana tafiya. In aka juya, lakar tsakiya take taruwa ta cushe. Yawanci akwai kibiya a gefe da ke nuna inda za ta juya. To tunda bawul na kowane wili waje zai kalla, dole ɗaurin hagu ya zama kishiyar na dama. Yaron shagon mai facin ya kwantar da wili biyu a ƙasa bawul sama, ya ɗaura duka biyun iri ɗaya tsaf, har ya ba su iska. Da ogan ya dawo daga sallah ya tsayar da su gefe da gefe yace, "Kai, wannan duk na dama ka yi, hagun fa a kanka za a ɗaura?" Sai da aka sake zare ɗaya. Ba laifin yaron ba ne sosai, duk ranarsa tayar mota da ta babur yake yi.

Ruwan omo aka shafa a bakin tayar. Yaron ya jawo gwangwanin baƙin mai na ce a'a, mai yana cin roba, kuma ba ya bushewa, daga baya in taraktar ta ja kaya mai nauyi wilin zai iya juyawa a cikin tayar ya fizge bawul ɗin tiyub. Sabulu kuwa yana bushewa ya kama. An fara ta gefen wilin da kwarinsa ya fi kusa da leɓe, ana danna ɓangare ɗaya na bakin tayar cikin kwarin da gwiwa kafin a ɗaga ɗaya ɓangaren da liba kaɗan kaɗan. Tiyub kuma an ɗan hura masa iska ya yi siffa kafin a zura shi, don kada ya naɗe ko liba ta cije shi.

Na gaban ne suka ba da wahala. Sun zo a matse, an ɗaure su tare a hanya har bakunansu biyu sun haɗe, ka sa a wili ka ba da iska duk ta gefe take ficewa. Wani da ke zaune a benci yace a zuba fetur a ƙyasta ashana, sau ɗaya za ta buɗe. Ana yi, kuma ana ƙonewa, ƙaramar taya irin wannan ma tana iya tashi sama da wilin ta samu mutum a fuska, Baffa da kansa yace ba a tayarsa ba. Abin da aka yi, an cusa guntayen katako a tsakanin bakunan an ajiye su a rana sun yi laushi sun buɗe, sannan aka sa. Da ma tiyubles ne, amma saboda ƙaya da kuma wilin da ya ɗan ci tsatsa muka sa musu tiyub, shi kuma tiyub yana tura bakin ya zauna da kansa. Wanda ke son barin tasa tiyubles, a ɗaura igiya a zagaye tsakiyar tayar a murɗa da sanda har gefunan su bulluƙo su taɓa wili, a cire ƙwayar cikin bawul don iska ta shiga da ƙarfi, da zarar ta kama a kwance igiyar kafin a ci gaba.

Sai maganar iska, wadda ina ga ita ce aka fi yin ɓarna a kai. Hannun mai faci ya saba da talatin da biyar, arba'in. Irin waɗannan taraktoci kuwa littafinsu yawanci wajen PSI 10 yake cewa a baya, 14 a gaba (PSI shine ma'aunin iskar taya), kuma a jikin kowace taya an rubuta iyakar da ba a wucewa. Gejin shagon ma allurarsa ba ta motsi sosai a ƙasa da ashirin, sai da na sayo ƙaramin geji mai auna ƙaramar iska. Gaba muka bar su a 14. Baya da yake siririya ce mai tiyub kuma nauyin tirela na sauka a kanta mun tsaya a 15, muka tsayar da ita a kan siminti muka duba haƙoran sun kwanta daga gefe zuwa gefe, ba tsakiya kaɗai ke taɓa ƙasa ba. In ta yi yawa tsakiya ce ke ci kuma kamun ya ragu, in ta yi kaɗan gefe ya riƙa lanƙwashewa ya tsage.

Ɗaurawa a jiki ba wani abu ba ne. An sa dutse gaba da bayan tayoyin gaba, an sassauta noti tun tana ƙasa, jak a ƙarƙashin ƙarfen da ake rataya tirela ba a jikin kaskon giya ba don yana iya tsagewa, aka tara katako a gefe ko da jak zai zame. Noti ana ɗaure su tsallake tsallake, bayan ta yi aikin wuni aka sake bi da sifana, biyu sun ɗan saki saboda sabon fenti.

Gwajin farko da tirela cike da taki ta wuce inda take kafewa a da, amma a hawan bakin kanal ta ɗan yi santsi, ba don haƙora ba, nauyi ne babu a bayanta. Sai aka yi mata abin da ake yi wa manyan tantan, aka ɗura ruwa a tayoyin baya. Ana ɗaga ta a jak, a juya bawul ya koma can sama, a cire ƙwayar, a riƙa ɗura ruwa ana tsayawa iska na fita, har ruwan ya kai bakin bawul, wato kusan kashi uku cikin huɗu, sauran a cika da iska don ita ce ke ba da laushi. Kowace ta sha lita goma sha wani abu, lita ɗaya kuwa kilo ɗaya ce, kuma nauyin a ƙasa yake zaune ba a kan aksil ba. A ƙasashen sanyi sai sun haɗa da wani gishiri ko ruwan gwoza mai zaƙi don kada ya daskare ya fasa taya, mu hunturunmu bai kai nan ba, ruwan rijiya zalla muka sa, kuma da yake cikin tiyub yake bai taɓa ƙarfe balle tsatsa. Daga nan in za a auna iska sai an juya bawul sama, in ba haka ba ruwa ya shige geji.

Yanzu ta yi kakar tumatur guda da damina guda a haka. Turi ya ƙare, facin baya ba a yi ko ɗaya ba, na gaba an yi amma ba irin na da ba, mun kuma sare reshen bagaruwar da ke zubo ƙaya a hanya wanda inaga shi ma ya taimaka. Abin da aka rasa kuma akwai. A kan burji tana girgiza mutum har haƙora, kowane haƙorin taya kana jinsa a kujera. Inda ta bi a jiƙe tana barin rami biyu da sai an bi da fartanya. Can ƙarshen lambun da ke da yashi, in rani ya yi nisa kuma tirela ta cika, tana tona ta zauna, a nan kam mai faɗin da Baffa ya so da farko da ta fi, sai dai a rage kaya ko a zagaya. Da yake tayar ta fi tsayi ƙarfin ja ya ɗan ragu gudu ya ɗan ƙaru, kuma tunda ba ta santsi yanzu yaran lambu sun fara loda mata abin da ya fi ƙarfinta, na taɓa kaskon giyar wata rana da azahar na ji zafin da ban so ba. Sai Baffa ya sa aka ja layi da fenti a cikin tirelar, taki ba ya wuce nan, aka kuma ce duk sati a wanke lakar da ke manne a jikin kaskon da fankar da ke samansa don iska ta samu shiga.